Rabin Waƙar Baffa

Daminar bana na shiga motar haya zuwa wajen Baure ta'aziyya, aka ba ni gefen taga saboda furfura. Tun fitarmu daga Daura har muka sauka ina kallon gonaki, gero ya yi kore shar ya kai gwiwa, daidai lokacin maimai. Abin da ban ji ba shi ne ya dame ni. Ni mutumin kunne ne, da kunne na ci abinci duk rayuwata, kuma ko da yake na hagun ya fara yi mini gardama, na daman har yanzu ba ya ƙyale komai. A wannan tafiya bai kama komai ba sai ƙugin mota. Inda muka tsaya sauke wata mata na hango mutum ɗaya tal a tsakiyar gona, tankin feshi goye a bayansa, yana tafe yana matsa hannun famfo, fis, fis. Noman ke nan an gama. Gonar da a da sai maza arba'in sun yini a kanta ganga na bin su, yanzu mutum ɗaya ne da maganin ciyawa, ko sannu da aiki babu mai ce masa.

A gidan makaɗa aka haife ni, a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba, tsakanin Baure da bakin iyaka. Mahaifina shi ne mai gangar noma, ƙanensa kuma, wanda muke kira Baffa, shi ne mai waƙa. Mahaifina ya rasu ina saurayi sabon tashi, ganga ta dawo hannuna, riƙona ya koma wurin Baffa da matarsa Iya. In na tuna gidan nan, sauti nake fara tunawa. Luguden mata da sassafe, guga tana dukan bangon rijiya kafin ta kai ruwa, Baffa a bayan ɗaki yana kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da jar kanwa, yana kaki kamar zai fito da hanjinsa. Aikina shi ne in jiƙa fatar akuya, in kankare gashin, in ɗaure ganga, in jingine ta a hantsi har fatar ta ɗame. Sai in ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Baffa yana cikin ɗaki, ba ya ganina, amma sai ka ji ya ce ba ta farka ba tukuna, a ƙara mata rana. Yakan ce ganga ba ta ƙarya, mai ita ne ke yi. Lokacin ina ɗaukar maganar a kan ɗaya daga cikin surutan tsofaffi.

Wanda bai ga gayya ba, da wuya baki ya kwatanta masa ita. Mai gona ya raba goro, mata su yini surfe da daka, ranar kuma maza su jeru a bakin gona kowa da kunyar da zai huɗa, garma a hannu. Ni ina biye da ganga rataye a kafaɗa, Baffa da 'yan amshinsa uku suna gefena. Duk manomin da ya isa a kira shi manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda ko daga bayan gari ya ji ya san da shi ake. In na ga wani ya fara sanyi sai in buga takensa, Baffa ya ɗora kirari a kai, sai ka ga mutumin da ya kusa faɗuwa ya yi tsuma ya wuce na gabansa. Na ga dattijon da ke huɗa yana hawaye don an ambaci ubansa. Na ga wanda ya suma, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo yana tambaya wa ya riga shi fita. Raggo kuwa ya shiga uku, don Baffa ba ya kama suna, sai dai ya kwatanta tafiyar mutum da yadda yake duba rana, kowa ya gane, har matan da suka kawo fura su riƙa dariya a bayan gyale.

Kowane mawaƙi yana da bakandamiyarsa, waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa. Ta Baffa ba ta masu rai ba ce. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, ranar gayyar Sarkin Noma, bayan an fita kunyar ƙarshe an zauna a gindin tsamiya. A cikinta ake kiran manoman ƙasarmu da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, tun daga waɗanda suka sari dajin, kowa da baitinsa: inda ya yi gona, da wa ya yi gasa, wa ya buɗe rumbu shekarar yunwa. Ga kuma yadda ake yin ta. Ganga ce ke gaba. Ni zan buga taken mamaci in tsaya cak, Baffa ya ɗaga hannu, baitin mutumin ya zo masa daga jin taken, ya rera, 'yan amshi su karɓa, sannan ya sauke hannu in buga na gaba. Baffa bai riƙe jerin mutanen a kansa ba, bai taɓa bukata ba, yayansa, mahaifina, ne ke riƙe masa, daga baya ni. Ni kuma ban riƙe baitocin ba, domin lokacin da yake rerawa idona na kan hannunsa, hankalina na kan taken da ke tafe. Tanko yake kirana, don na biyo mata uku. Yakan ce, "Tanko, waƙar nan rabi a bakina take, rabi a hannunka."

Wani mai fataucin shanu daga Zango ne ya fara kawo rikoda ƙauyenmu, ya sayo ta a kudu, baƙa, mai cin batir shida. A wani biki ya ajiye ta kusa da ni muna wasa, da aka tashi ya danna. Ranar na ji gangata tana magana hannuwana suna aljihu. Daga ranar ban ƙara zama lafiya ba. Na riƙa bin mutumin kamar jela, har ya bar ni na kwance bayan rikodar da wuƙa don in ga inda muryar ke kwanciya. Na roƙi Baffa ya bari a ɗauki bakandamiya, ya ƙi. Ya ce ba a zuba matattu a akwati a je ana kunna su a teburin mai shayi, mutane na dariya suna tsoma burodi.

Da son na'ura kaɗai ne, wataƙila da ban tafi ba. Akwai wani abu. Na nemi 'yar wani malami a garin da ke kusa da mu, yarinyar tana so, ni ma haka. Waliyyanta suka karɓi manyanmu hannu biyu, suka ba su ruwa, suka yi addu'a, sannan suka ce ba su saba haɗa iri da maroƙa ba. Babu wanda ya ɗaga murya. Mutanen da suka faɗi haka, da gangata aka huɗe gonarsu a daminar nan. Abin ya ci ni, ya ci ni ƙwarai, har na tsani ƙanshin fatar akuya a hannuna. Da kaka ta yi na rataye ganga a ɗakin Baffa na ce zan tafi Daura. Bai hana ni ba. Ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take, amma in riƙa leƙowa ranar Sarkin Noma. Na leƙo shekara biyu. Ta uku na aika da goro da uzuri, ta huɗu goron ma bai je ba.

A Daura na fara da rumfar kaset kusa da tasha, ina kwafe wa direbobi wa'azi da waƙa. Daga nan na koyi fiyano, na riƙa bin mawaƙan biki ina yi musu kiɗa, ina sanye da riga mai guga, babu wanda ya ce mini maroƙi. Sai na kama shago, na raba shi biyu da katako da gilashi, na lulluɓe bangon da soson katifa da kwalin ƙwai, na sa makirfo a ciki, ni kuma ina waje da na'urori. Kaset ya tafi faifai ya zo, faifai ya tafi kwamfuta ta zo, duk na bi su, ban bari ko ɗaya ya bar ni a baya ba. Na ɗauki 'yan Islamiyya, na ɗauki masu bege, na ɗauki samari masu kukan soyayya da muryar da ko akuya ba za ta saurara ba, na gyara ta har iyayensu suka kasa gane su. Aka sa mini suna Injiniya, ni da ko aji ɗaya ban zauna ba, kuma na karɓa ba kunya. Gaskiya na iya aikin. Abin da nake taƙama da shi tsabtar sauti ne. Ba na barin tari, ba na barin jan numfashi, in zakara ya yi cara a maƙwabta sai a sake. Ina da wata ɗabi'a da ta zame mini jiki: duk ɗaukar da ba ta kammalu ba, kafin in ce a sake yatsana ya riga ya goge ta. Ba na tara shara a na'ura. Duk shekarun nan ban gaya wa ko mutum ɗaya a garin cewa na taɓa rataya ganga ba.

A can gida kuwa gayya tana mutuwa a hankali, ba tare da an yi mata jana'iza ba. Garmar shanu ta zo ta rage hannuwa, maganin feshi ya zo ya ƙarasa. Samari suka sayar da awaki suka sayi babura. Wasu suka ce kiɗa a gona ba shi da kyau a addini, wasu suka ce ɓata lokaci ne, Sarkin Noma ya rasu ba a naɗa wani mai kiran gayya ba. Wani ɗan gwaggona ya gwada riƙe wa Baffa ganga, amma take biyar ko shida ya sani, sauran sai kame-kame. 'Yan amshin uku suka bi juna, na je ta'aziyyar biyu. Duk lokacin da na je gida da salla ina kai wa Baffa shadda da turare, mu gaisa, in tambayi ƙafarsa, ya tambayi iyali. Ba ya tayar da maganar waƙa, ni ma ina kewaye ta kamar mai kewaye rijiya.

Wata safiya bayan an gama kai amfani gida, ina situdiyo da aikin zaɓe a gabana. Mutanen wani ɗan takara sun cika bencin, ga mawaƙinsu, ga masu rakiyarsa, kowa Injiniya, Injiniya. Sai babur ya tsaya a ƙofa, aka sauko da wani tsoho da ƙyar, riƙe da wani abu a cikin buhun taki. Baffa ne. Tun daga ƙauye aka goyo shi, tafiyar da ko saurayi sai ya ji a ƙugunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujerata, na aika a kawo fura. Bai sha ba. Ya dubi soson da ke bango, ya dubi gilashin, sannan ya dube ni.

"Tanko, na ji an ce kana kama murya ka ajiye. Na zo ka kama tawa kafin ƙasa ta riga ka. Mutanen nan babu mai kiran su yanzu, in na tafi sun tafi."

Mutumin da ya ƙi akwati da ƙuruciyata, yau shi ya kawo kansa. Ya kwance bakin buhun, sai ga gangata, da gular da mahaifina ke kaɗa ta da ita a ɗaure a jikinta. Sai wani daga cikin masu rakiyar ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce ashe Injiniya ɗan gado ne. Wasa ya yi, ba da mugunta ba. Amma ni abin da na ji shi ne muryar waliyyan nan, bayan shekara talatin da wani abu, kamar da safen nan suka faɗa. Na karɓi gangar na tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa. Na ce wa Baffa yanzu an ci gaba, ba a bukatar wannan, duk kiɗan duniya yana cikin fiyano.

Na roƙi mutanen su ba ni sa'a guda. Na shigar da shi ɗakin ɗauka, na tsayar da shi gaban makirfo, na ɗora masa abin ji a kunne a kan hularsa, na rufe ƙofa. Na saka masa kiɗa mai tafiya daidai kamar agogo, na ɗaga masa yatsa. Ya yi shimfiɗar waƙar, ya ambaci Allah da Ma'aiki, kuma wallahi muryar tana nan. Ta tsufa, ta yi kaushi, amma tana nan, har bencin ya daina motsi. Ya kira mutum na farko da ka, ya rera baitinsa duka. Ya laluba ya samo na biyu. Sai ya ɗaga hannu ya tsaya, kiɗan fiyano yana ta tafiya ba shi. Ta cikin gilashi na ga ba fuskata yake kallo ba, hannuwana yake kallo. Na goge na ce a sake. Ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Na goge na ce a sake. Na gwada buga masa taken na uku da gangar da ke cikin fiyano, ya saurara, ya girgiza kai ya ce wannan ba ta magana. Sau biyar muka yi, sau biyar yatsana yana goge shimfiɗar nan da baitoci biyun nan, ba tare da ya yi shawara da ni ba.

A na biyar ya cire abin kunnen da kansa, ya turo ƙofa ya fito, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A gaban kowa ya ce, a hankali, "Ɗan nan, ɗauko gangarka. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Ban taɓa jin Baffa ya ce ba zai iya wani abu ba. Gangar tana nan, taku biyu daga ƙafata. Na ce, "Baffa, ɗakin ya yi ƙanƙanta, ƙarar ganga za ta cika makirfo ta danne muryarku. Ku bari in gama aikin mutanen nan, in zo gida da kayan aiki mu yi ta a natse." Rabin maganar gaskiya ce, ɗakin ƙarami ne. Amma ni da na san yadda ake ɗaukar taron Maulidi a fili, na san yadda zan yi da ganga ɗaya da tsoho ɗaya. Ya dube ni. Sannan ya ce, "To, Injiniya." Bai taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar. Na ce a ɗauko masa gangar, ya ce a bar ta, ba tasa ba ce. Na sa aka nemo masa mota, ya ƙi, ya hau bayan babur ɗin da ya kawo shi.

Na yi niyyar zuwa, Allah ya sani. Amma aikin zaɓe ya ja ni har tsakiyar rani, daga shi bukukuwa, daga su azumi. Kullum in na sunkuya ɗaukar wani abu sai in ga buhun takin nan a ƙarƙashin benci, in ce mako mai zuwa. Har cikin raina ina ɗan jin haushinsa, don ya tona ni a gaban mutane. Kowa ya san da na sani ƙeya ce, amma babu wanda ke waiwayawa ya duba tasa. Ruwan shuka ya sauka, bayan kwana uku aka aiko mini cewa Baffa ya faɗi a gona da ƙwaryar iri a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Na ciro gangar, ɓera ya ci gefen fatar. Na sayi fatar akuya a kasuwa, na jiƙa, na kankare, na ɗaure da kaina a tsakar gidana, 'ya'yana suna leƙe suna mamakin inda na koyi wannan. Na ɗauki makirfo mafi kyau da nake da shi na tafi. Na same shi da hantsi a zaure, an jingine shi da bango a kan tabarma, Iya tana kore masa ƙuda. Ya rame har na ga ƙasusuwan da ban san mutum na da su ba. Na gaishe shi, idonsa ya tsallake ni ya sauka a kan gangar. Iya ta ce, "Tanko, yanzu kuma me za ka ɗauka? Ai mai maganar ya yi shiru." Na dai kafa makirfon kusa da bakinsa, na kunna na'ura, na rataya ganga, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba in ban yi haka ba.

Na buga taken mutum na farko na tsaya. Sai hannun Baffa na hagu, mai lafiyar, ya tashi daga kan cinyarsa. Leɓɓansa suka fara motsi. Babu murya, ko kaɗan, sai iska da ɗan miyau a gefen baki. Amma yana rerawa, na san yana rerawa, don ga kansa yana kaɗawa inda yake kaɗawa, ga inda yake dakatawa 'yan amshi su karɓa, ya jira su kuwa, su da suke kabari. Da ya kai ƙarshe ya sauke hannu. Na buga na biyu. Na buga na uku, wanda ya gagara a situdiyo, hannun ya tashi nan take. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne hannuna bai manta komai ba. Na zo ina tsoron na manta, ina ma ɗan fatan na manta don in sami abin fakewa. Ina sauke gula daga wannan take, na gaba yana jira a wuyan hannuna, ɗaya bayan ɗaya, mutum talatin da 'yan kai, har zuwa mahaifina wanda shi ne na ƙarshe. Da na sunkuya na jawo buhun nan a waccan safiya, da kafin azahar mun gama.

Mutane suka taru a ƙofar zaure, tsofaffi suka zauna a ƙasa, mata suka tsaya daga cikin gida. In na buga take sai ka ji wani dattijo ya ce Allah ya jiƙan wane, a hankali, sannan kowa ya zuba wa bakin Baffa ido. Da muka gama ya jingina kansa da bango ya rufe ido, hawaye na bin gefen da ya shanye. Na ce ya yafe mini. Ban sani ba ko ya ji, ban sani ba ko ya yafe. Kafin a yi maimai ya rasu.

Na bi tsofaffin garin ɗaya-ɗaya ina tambaya ko akwai mai riƙe da baitocin. Wannan ya tuna layi guda na kakansa, wancan ya tuna amshi, wani ya haɗa na mutum biyu ya cakuɗa. Ni kaina abin da ya rage mini gutsattsari ne, waƙoƙin mutane dubu sun bi ta kunnena sun tattake sauran. Yau yaro da waya a hannu yana ɗaukar duk abin da ya ga dama, kukan jariri, faɗan kasuwa, kazar da ta shiga masallaci, ba ya goge komai, kuma ba na yi masa dariya. Ni da na yi shekaru ina ajiye muryar duk wanda ya shigo da kuɗinsa, ba ni da ko tarin Baffa. Abin da nake da shi ɗaukar ranar nan ce, kuma ita ce mafi tsabta a duk aikina: take, sai shiru, take, sai shiru.

Na daina aiki yanzu, kunne da ido sun ce ya isa, amma na'urar tana ɗakina. Kwanakin baya wani magidanci ya yi sallama da ni bayan la'asar, dillalin dabbobi ne a Sandamu, asalinsu ƙauyenmu. Ya ce ya ji labari kakansa yana cikin waƙar Baffa, shi bai taɓa ganin kakan ba, ko hotonsa babu, yana so ya ji abin da aka ce a kansa don ya gaya wa 'ya'yansa. Na tambayi sunan kakan, ya faɗa. Na san shi, shi ne na goma sha ɗaya. Na yi masa bayanin yadda abin yake, ya ce duk da haka a kunna.

Na nemo wurin na kunna. Taken ya fito tas, ya ce ya san wannan, mahaifiyarsa takan buga shi a bayan ƙwarya in tana jin nishaɗi. Sai shirun ya biyo. Na ƙure ƙarar lasifika, mu biyu muka sunkuya kanta. Ana jin tabarya daga wani gida can nesa, ana jin mafici a hannun Iya, ana jin leɓɓa suna haɗuwa suna rabuwa. Muka zauna a haka, yana riƙe da hularsa a hannu, har gula ta sake sauka a kan fata. Ya ce in maimaita, na maimaita. Da ta ƙare karo na biyu ya ɗago ya dube ni.

"Baba, da tsawo kuwa."

Na ce, "Duk waƙar babu baitin da ya kai na kakanka tsawo."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bakin riga, ya ce to alhamdu lillahi, zai gaya wa yaran haka.